Waƙoƙin Bishara na Jihohin Kudu a Amurka: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina sauraron waƙar da Amurkawa ke kira Southern gospel. Na fara jin ta ina yaro a ɗakin mahaifina, wanda shi ne malamin ƙungiyar mawaƙa a wata ƙaramar majami'a ta ƙasar Zazzau. Kaset ɗaya ne tak, ya sha juyi har sai mun sa biro mun naɗe zaren in ya sarƙe. Ba na jin Turanci a lokacin, amma akwai wani mai kakkaurar murya a ciki da in ya sauka ƙasa sai kwanon sha ya riƙa rawa a kan tebur. Tun daga nan ban rabu da ita ba. Matasan ikilisiyarmu da abokan aikina Musulmi masu jin ta a motata sukan yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya, shi ya sa na tara su wuri guda.

Malam, wace irin waƙa ce wannan, kuma wane kudu ake nufi?

A fara gyara wannan tukuna, don mutane da yawa suna ɗauka nahiyar Kudancin Amurka ake nufi, wajen su Brazil. A'a. Jihohin kudu na ƙasar Amurka kanta ake nufi: Tenesi, Jojiya, Alabama, Misisifi, Akansas, Teksas da maƙwabtansu, ƙasar auduga da taba da ƙananan majami'u na katako. Waƙar Kiristoci ce 'yan Baftis, Metodis da Fentikos na yankin, akasarinsu fararen fata talakawa manoma. Siffarta da aka fi sani ita ce maza huɗu a tsaye, mai fiyano a gefe, kowa da muryarsa, suna rera maganar ceto da gicciye da gidan da ke jiran mai bi a sama.

Daga ina ta taso?

Daga makarantar waƙa ta ƙauye. A ƙarni na 19, malamin waƙa kan yi yawo gari gari, ya sauka a wata majami'a ko makaranta kamar mako biyu, yawanci bayan an gama noma ana jiran amfani ya nuna, ya koya wa yara da manya karanta waƙa daga takarda. Matsalarsa ita ce mutanen nan ba su da lokacin koyon rubutun kiɗa irin na Turai da layukansa da makullansa. Sai aka yi dabara: kowane sauti aka ba shi surarsa. A tsarin sura bakwai da Jesse Aikin ya fitar a 1846, do mai kusurwa uku ne kamar jinkar ɗaki, re kamar ƙwarya, so kamar ƙwai, la mai kusurwa huɗu, haka har zuwa ti. Manomi in ya ga surar ya san sautin, ko da bai iya karanta jarida sosai ba. Kafin wannan akwai tsarin sura huɗu, wanda har yau wasu ke rera shi daga littafin Sacred Harp na 1844.

Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar mawaƙa a Jos ko Kafanchan ko Wusasa zai gane abin nan take, domin mu ma da do re mi muke koyo, malam ya rubuta d r m a allo da alli, kowace murya ta ja gefe ta haddace nata. Hanyar rubutun ce ta bambanta, amma tunanin ɗaya ne.

Daga makarantun nan aka samu tarukan waƙa. Gunduma guda kan haɗu, sau da yawa a watan da ya zo da Lahadi biyar, a wuni ana rera sababbin waƙoƙi daga littafi, a tsakiyar rana mata su shimfiɗa abinci a ƙarƙashin itatuwa, a ci a koma. Babu 'yan kallo a irin wannan taro, kowa mawaƙi ne. Ni a ganina nan ne ran waƙar yake, duk abin da ya biyo baya reshe ne.

To yaya aka yi ta zama sana'a?

Tallar littafi ce ta haife ta, kuma ban ga abin ɓoyewa a nan ba. James D. Vaughan, wani malamin waƙa mai kamfanin buga littattafan waƙa a garin Lawrenceburg na jihar Tenesi, ya ɗauki maza huɗu aiki a 1910, ya tura su yawo majami'u da taruka su rera waƙoƙin sabon littafinsa, in an tashi su buɗe akwati su sayar. Ciniki ya haɓaka, sai ya ƙara ƙungiyoyi. Daga wannan shekara ake ƙirga tarihin waƙar. A 1922 ya buɗe gidan rediyo mai suna WOAN a garin nasa.

Wani ma'aikacinsa, V. O. Stamps, ya ware ya kafa nasa a Teksas a 1924, daga baya ya haɗa gwiwa da J. R. Baxter aka samu kamfanin Stamps-Baxter, wanda ya yi kaka-gida a Dalas. Su ma littafi suke fitarwa a kai a kai, suna da makarantar waƙa, suna da shiri a rediyo. Da rediyo da faifai suka bazu, sai abin ya juye: mutane suka fi son jin mazan nan huɗu a kan sayen littafin. Ɗan aike ya fi mai aiken suna.

Me ya sa mutum huɗu?

Saboda muryoyin waƙar huɗu ne. Akwai jagora mai riƙe da karin waƙar, akwai mai siririyar murya da ke hawa samansa, wani lokaci har ka rantse mace ce, akwai na tsakiya mai cike giɓi wanda ba a lura da shi sai ya yi shiru, sannan mai kakkaurar murya a can ƙasa. Daɗin abin a amshi yake: su rabu, ɗaya ya ja baiti sauran su bi shi a baya kamar masu kora, na ƙasa ya yi ta taka tsani shi kaɗai, sannan su haɗe a sauti ɗaya su riƙe shi har numfashi ya kusa ƙarewa. J. D. Sumner, ɗaya daga cikin masu muryar ƙasa, ya shiga littafin Guinness saboda zurfin sautin da ya iya kaiwa.

Ita ce waƙar cocin baƙaƙen fata da muke gani a finafinai, masu manyan riguna suna tafi?

Ba ita ba ce, amma 'yan uwa ne da aka raba musu gida. Waƙar bisharar baƙaƙen fata ta taso ne daga waƙoƙin bayi na gonakin auduga, ta bi ta hannun irin su Fisk Jubilee Singers da suka fara yawo a 1871, ta girma a Shikago a hannun Thomas A. Dorsey da Mahalia Jackson. Tamu da muke magana ta fararen fata ce, kuma dalilin rabuwar ba ya da daɗin ji. A jihohin kudu doka ta raba makaranta da asibiti da motar haya tsakanin fari da baƙi har shekarun 1960, majami'u kuwa a rabe suke tun kafin nan. Babbar ƙungiyar Baftis ta kudu ma an kafa ta ne a 1845 bayan saɓani da 'yan arewa a kan batun mallakar bayi, kuma sai a 1995 ta fito fili ta nemi gafara.

Amma kunne ba ya bin dokar wariya. Rediyo ɗaya kowa ke kamawa. Ƙungiyoyin fararen sun kwaikwayi salon irin su Golden Gate Quartet, sun rera waƙoƙin Dorsey kamar nasu. Cleavant Derricks, wani fasto baƙar fata ɗan Tenesi, ya rubuta waƙoƙin da Stamps-Baxter ya buga a shekarun 1930, fararen ƙungiyoyi suka yi suna da su, shi kuwa ya daɗe bai ga ribar da ta dace da aikinsa ba.

Ni baƙin mutum ne ɗan Afirka, kuma na san da wuya a bar ni in zauna a bencin gaba a wasu tarukan da aka ɗauki faifan da nake ƙauna. Na yi shekaru ina juya wannan a raina. Ban daina saurare ba, amma ba na yarda a ba da tarihin a tsallake wannan shafi.

Me ya sa kusan kowace waƙa maganar sama ce da mutuwa da ƙetare kogi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don nan ne bangaskiya da talauci suka haɗu. A duba waɗanda suka rubuta waƙoƙin. Albert Brumley, wanda aka haifa a 1905 a Oklahoma, ɗan masu noman haya ne, gonar wani suke nomawa a raba amfani. Shi da kansa ya ce yana tsinkar auduga tunanin waƙarsa I'll Fly Away ya zo masa a 1929, aka buga ta a 1932. A tsakanin shekarun nan biyu tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka rufe, farashin auduga ya faɗi, ba da jimawa ba fari da guguwar ƙura suka kori dubban manoman Oklahoma daga gonakinsu. Malaminsa E. M. Bartlett ya rubuta waƙarsa ta nasara cikin Yesu a 1939 bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi.

Mutumin da bai taɓa mallakar ɗakin da yake kwana ba, in ya karanta Yohanna sura 14 inda Yesu ya yi alkawarin wurin zama a gidan Ubansa, ba zai ji ta kamar yadda attajiri ke ji ba. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu, in aka ce mata a Ru'ya ta Yohanna 21 za a share dukan hawaye, ba ta buƙatar mai tafsiri. Abin mamaki kuwa, waƙoƙin nan na mutuwa yawancinsu masu sauri ne, ana tafi ana murmushi.

Wasu masana tauhidi suna sukar wannan, suna cewa waƙar ta koya wa talaka haƙuri da zalunci, ta ɗauke idonsa daga gyaran duniya. Akwai gaskiya a sukar, musamman in aka tuna yadda mawaƙan suka yi gum a zamanin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata. Sai dai na tsaya a bakin kabari sau da yawa, ciki har da na mahaifina, kuma a wurin ban taɓa jin wanda ya nemi a rera masa waƙar gyaran tattalin arziki ba.

Su wa ya kamata mutum ya sani a cikin mawaƙan?

Biyu ne manyan zamanin zinariya. Blackwood Brothers sun fara a Misisifi a 1934, 'yan gida ɗaya. A 1954 suka ci gasar wani shirin talabijin na Arthur Godfrey da duk ƙasar ke kallo, makonni kaɗan bayan haka, ranar 30 ga Yuni, ƙaramin jirginsu ya faɗi a Clanton ta Alabama, R. W. Blackwood da Bill Lyles suka rasu a gaban jama'a. Ƙungiyar ta ci gaba, J. D. Sumner ya maye gurbin Lyles, suka koma tafiya da babbar bas da aka gyara ta da gadaje, abin da sauran mawaƙan Amurka suka kwaikwaya. Sai Statesmen na Atlanta, waɗanda Hovie Lister ya kafa a 1948, mai fiyanon da ba ya iya zama a kujera, da Jake Hess a matsayin jagora. Wasu fastoci sun ƙi su saboda rawar jikinsu ta yi yawa.

Ni dai Cathedrals ne nawa, Glen Payne da George Younce, waɗanda suka yi waƙa tare daga 1964 har 1999. Younce ne nake zaton ya girgiza kwanon shan mahaifina, ko da yake kaset ɗin ba shi da rubutu a jiki.

Da gaske ne Elvis Presley yana da hannu a ciki?

Ƙwarai. Shahararren mawaƙin nan na Amurka, yana saurayi a Memfis yakan je tarukan waƙa na dare, kuma majami'a ɗaya yake zuwa da 'yan Blackwood. Su suka yi waƙa a jana'izar mahaifiyarsa a 1958. Daga 1971 har rasuwarsa a 1977, J. D. Sumner da ƙungiyar Stamps ne ke yi masa amshi. Lambobin Grammy uku da ya ci a gasa, dukansu na waƙar bishara ne.

Mata fa, ba su da wuri?

Suna da shi, ta ƙofar ƙungiyoyin iyali. Speer Family tun 1921 uba da uwa ne a gaba, daga baya 'ya'ya suka shigo. Chuck Wagon Gang na Teksas, uba ne da 'ya'yansa, muryoyin 'yan matan ne ke jan waƙar, da jita ɗaya kawai. Vestal Goodman da hankicinta a hannu tana da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Dottie Rambo kuma ta rubuta waƙoƙi masu ɗimbin yawa kafin ta rasu a hatsarin bas a 2008. Hanya ta ci mawaƙan nan da yawa, ko a Yulin 2024 mawaƙa uku na ƙungiyar iyalin Nelon sun rasu a hatsarin jirgi a jihar Wyoming.

Tsakani da Allah, sujada ce ko kasuwanci?

Duka biyun, kuma tun ranar farko. Ana sayar da tikiti, ana kafa teburin faifai a bakin ƙofa, akwai mai ba da dariya tsakanin waƙoƙi, akwai dabarar maimaita amshi na ƙarshe don jama'a su miƙe. Tun 1948 da Wally Fowler ya fara tarukan kwana ana waƙa a zauren Ryman na Nashbil, abin ya zama wasan dandamali sosai. Wasu sun bar fagen gaba ɗaya suka bi kuɗi, kamar Oak Ridge Boys da suka koma waƙar kantiri, wato waƙar duniya irin ta karkarar Amurka, a shekarun 1970.

Ma'aunin da nake amfani da shi na mahaifina ne. Yakan ce wa 'yan ƙungiyarsa, in an tashi sujada mutane suna zancen muryarka, ka yi waƙa. In suna zancen abin da ka faɗa, ka yi hidima. Bulus ya ce a Kolosiyawa 3:16 a koyar da juna, a gargaɗi juna da zabura da waƙoƙi. Akwai faifan da ke yin wannan, akwai wanda gasar wa ya fi hawa sama ce kawai, kuma sau da yawa ƙungiya ɗaya ce ta yi duka biyun a dare ɗaya.

Tana da alaƙa da waƙoƙin da muke rerawa da Hausa a majami'unmu?

Alaƙar ta kaka ce, ba ta uwa ba. Mishan da suka yi aiki a arewa ba daga jihohin kudu akasarinsu suka fito ba. SIM, uwar ECWA, ta faro a 1893 da mutanen Kanada da arewacin Amurka, SUM ta zo a 1904 ƙarƙashin Karl Kumm Bajamushe, Dokta Walter Miller na CMS a Zariya Baturen Ingila ne. 'Yan Baftis na kudu kuwa ƙasar Yarabawa suka fara sauka, da zuwan Thomas Bowen a 1850. Amma da yawa cikin waƙoƙin da ke Littafin Waƙoƙi fassara ce ta waƙoƙin farkaswa na ƙarni na 19 daga Ingila da Amurka, kuma daga wannan rijiya mawaƙan kudu su ma suke ɗiba. Shi ya sa za ka kunna faifan Turanci, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kama amshi da Hausa. Mahaifiyata ta sha yin haka tana tankaɗe.

Ba na ba ƙungiyoyinmu shawarar su zama kwafin Tenesi. Abin da Zumuntar Mata ke yi da tulu da kacau-kacau da amshin Hausa nasu ne, kuma ya fi kama da ainihin taron waƙar ƙauyen can fiye da duk wani kwaikwayon kwat da nektai.

Har yanzu ana yin ta, ko ta tsofaffi ce?

Ana yi, ko da yake furfura ta fi yawa a zauren. Babban taron shekara da aka fara a Memfis a 1957 yana nan, tun 2014 a garin Pigeon Forge na Tenesi ake yin sa. Wanda ya farfaɗo da ita shi ne Bill Gaither, tsohon malamin makaranta ɗan Indiyana, jihar da ba ta kudu ba ma. A 1991 ya gayyaci tsofaffin mawaƙan da aka fara mantawa zuwa ɗakin ɗaukar murya a Nashbil don waƙa ɗaya. Da aka gama ba su tashi ba, suka kewaye fiyano suna rera tsofaffin waƙoƙi, wasu na kuka, kyamara na ɗauka. Daga nan aka samu jerin bidiyon Homecoming, wanda ta hanyarsa 'yan Nijeriya da dama suka san waƙar, kuma a nan ne aka riƙa ganin baƙaƙen mawaƙa irin su Jessy Dixon da Lynda Randle zaune cikin sahu.

Ni ba Kirista ba ne. Akwai abin da zan ji a ciki?

Kalmomin na bangaskiyar Kirista ne ƙarara, ba a lulluɓe su ba, kuma ba zan ce maka ba haka ba ne. Amma wani abokin aikina Alhaji, mai son Ɗanƙwairo, ya taɓa sa ni na mayar da wata waƙa sau uku a hanyar Kaduna, don yadda 'yan amshi ke karɓe baiti daga bakin jagora ya burge shi. Ya ce waɗannan sun san aikin karɓi.

Ta ina zan fara?

Ka shiga YouTube ka nemi bidiyon bankwanan Cathedrals na 1999, Payne yana cikinsa watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Daga nan ka koma baya ga Statesmen na shekarun 1950, hoto baƙi da fari, sannan Chuck Wagon Gang in kana son abu marar kwalliya. Cikin na yanzu akwai Ernie Haase, surukin Younce, da ƙungiyarsa, da The Isaacs, da The Hoppers. Kada ka saurara da lasifikar waya, muryar ƙasa ba ta fita a nan. Ka sa abin kunne, ka zaɓi murya ɗaya ka bi ta daga farko har ƙarshe, sannan ka mayar ka bi wata. Na tsakiyan ka bar shi a ƙarshe, shi ya fi wuyar kamawa.